Ƙanƙara daga Tambuwal

Akwai abin da nake tambayar kaina har yau, kuma ban sami mai ba ni amsa ba. Idan Malam ya tsoma hannunsa cikin ruwan sanyi ya ce mani ciwo ya kwanta, ina ciwon yake zuwa? A ranar ƙarshe kuma, da babu ruwan sanyin, kwantawa ya yi da gaske, ko dai tausayina Malam ya ji?

Sunana Kulu. A Fakku aka haife ni, aure ya kawo ni Sanyinna. Ban san baƙi ba, na boko ko na ajami. 'Yata Rabi ce take rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ce ko ta ga ina kuka kada ta ajiye alƙalami. So nake duk mai mara lafiya a ɗaki ya ji abin da muka gani.

Malam mijina ne, kuma ɗan kawuna, don haka akwai wasa tsakaninmu tun kafin aure. Bai cika kiran sunana ba, sai dai ya ce 'yar Fakku. Manomi ne. Da damina gero da dawa, da rani albasa a fadama. Idan liman ba ya nan shi yake jan salla a masallacin ƙofar gidanmu. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ana ta zuba kwalta, samari kowa da babur. Ɗanmu Buhari ma ya sayi nasa yana fataucin albasa zuwa Tambuwal.

Bayan girbi ciwon ya fara. Wuri ɗaya yake nunawa, ƙarƙashin ƙirji, ya ce kamar an soka masa tsinke yana fita ta baya. Ya rage cin tuwo. Muka ce ko gyambon ciki ne, na jiƙa masa kanwa, na dafa masa saiwoyin da aka ce a dafa. Malam ba mai raki ba ne. Ni dai na san abin ya motsa idan na ga ya zauna ya duƙa gaba, ya rungume gwiwoyinsa, ya yi shiru.

Da ɗari ya kankama, wata safiya na manta butarsa ta kwana a waje. Na tashi zan ɗuma masa ruwan, ya ce in bari, lokaci zai wuce. Ya yi alwala da shi haka nan, hannuwansa suna rawa. Da ya dawo daga masallaci sai na ji yana kirana.

"'Yar Fakku, zo ki ji abin mamaki."

"Mi ya faru?"

"Ruwanga ya cije mani hannu har ƙashi. Kuma tun da ya cije ni, na cikin ya yi shiru."

Na ce, "To Alhamdu lillahi. Ashe mantuwata ma magani ce."

Ya ce, "Kada ki saba."

Daga ranar kullum ina ajiye ruwa a faffaɗar tasa a tsakar gida ya kwana. Da safe ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya cije baki, ya jure. Sai ya sami sararin shan kunu, ya tafi fadama. Mun lura da abu ɗaya: idan ruwan sanyin daɗi ne kawai, ba ya yin komai. Sai wanda yake zafi don sanyi.

Yayar Malam, Yaya Tumba, tana aure a Kebbe. Da labari ya kai mata ta zo da kanta, ta zo da wani wanzami da ta yarda da shi. Ya duba ya ce a yi lalas, wato a ɗora ƙarfe mai zafi a fatar ciki, daidai wurin da yake ciwo. Buhari bai so ba.

Ya ce, "Gwaggo, a bari in kai shi asibiti a duba shi tukuna."

Ta ce, "Kai da ka sayi babur jiya har ka fi mu sanin ciwo? Da lalas anka warkar da kakanka."

Aka yi. Ina ɗaki na ji ƙaurin fata, amma ban ji muryar Malam ba. Abin da ya ruɗe mu shi ne, ciwon cikin ya kwanta da gaske. A makon nan ya ci tuwo, ya yi dariya, ya koma jan salla. Yaya Tumba ta koma Kebbe da murna, maƙwabta suna ta zuwa barka. Da ƙunar ta fara warkewa ciwon ya dawo, aka sake kiran wanzamin, ya sake lafawa, amma bai kai na farko ba. Haka muka cinye lokacin ɗari gaba ɗaya, tsakanin tasar ruwa da ƙarfen wanzami, muna ganin sauƙi ake samu.

Ranar da na dubi idonsa a hasken rana na ga farin ya koma ruwan ɗorawa, gabana ya faɗi. Fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi. Jikinsa yana ƙaiƙayi, ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Wandonsa kuwa sai ya ƙara ɗaure mazagi. A nan Buhari bai sake neman shawarar kowa ba, ya goya shi zuwa ɗakin magani a Tambuwal. Malamin asibitin da ke wurin ya ba shi magani na mako guda, da ya ga babu canji ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi birni.

Muka sayar da ragunan da muke kiwo don layya, muka hau mota ni da shi da Buhari. Ba zan ɓoye ba, mun sha wuya a asibitin nan. Mun zauna layin kati tun safe har azahar ta wuce, aka rufe taga aka ce sai gobe. Mai ba da katin yana yi wa dattijo tsawa kamar ɗan cikinsa. Da muka sami katin aka ce a yi hoto, injin hoton ya lalace, muka jira har wani mako a gidan wani ɗan garinmu. Amma a wurin nan ne kuma wata nas, 'yar kudu, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ta ga Malam a duƙe a ƙasa ta ɗauko kujerarta ta ba shi. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a har yau.

Da aka ba shi gado, likitan da ya duba shi saurayi ne, Hausarsa irin ta rediyo. Ya ɗaga rigar Malam ya ga tabon lalas. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba, sai ya tambaya ko ya ji sauƙi da aka yi.

Malam ya ce, "Na ji, likita. Amma ruwan sanyi ya fi shi, don shi ba ya barin tabo."

Likita ya ja kujera ya zauna, ya ce a ba shi labarin ruwan. Ya saurara har ƙarshe. Washegari da hantsi sai ga shi da kwano cike da ruwa da ƙanƙara a ciki. Ranar na fara ganin ƙanƙarar da ba daga sama ta faɗo ba. Ya nemi izinin Malam, ya kama babban yatsansa na dama, ya danna gindin farcen da bayan biro, ya ce ya faɗa masa idan ya fara zafi. Malam ya faɗa. Sannan ya sa shi ya tsoma hannun hagu a kwanon, ya sake dannawa. Wannan karon sai da ya danna da ƙarfi sosai kafin Malam ya ce ya ji.

Buhari ya ce shi bai yarda ba, Baba ne dai mai jimiri. Likita ya ce to ya kawo nasa hannun. Yana tsomawa ya fizge yana yarfewa yana salati. Malam ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ya ce, "Kun ga ɗan 'yar Fakku. Uwarsa ya biyo."

Maganar da likitan ya yi ranar ta zauna mani, kusan yadda ya faɗe ta. Ya ce, "Inna, Allah ya yi jikin mutum da nasa maganin ciwo a ciki. Idan wani sabon zafi ya taɓa wani wuri, sai jiki ya saki maganin nan, ya danne tsohon na ɗan lokaci. Akwai masu bincike da suke gwada haka a kan mutane masu lafiya, da ruwan ƙanƙara kamar wannan, don su gane yadda abin yake aiki. Wani nasa yana da ƙarfi, wani ba shi da shi. Na Baba mai ƙarfi ne. Amma jin ciwon kawai yake dannewa. Cutar tana nan tana aikinta."

Bayan an yi hoto da sauran gwaje-gwaje ya kira ni da Buhari gefe. Ya ce ciwon daji ne, a can cikin ciki, kuma ya riga ya yi nisa, ba a iya yin aiki. Na tambaye shi, da mun zo tun ɗari fa? Ya ce irin wannan ko an zo da wuri yana da wuya, amma da sun sami abin yi fiye da yanzu.

Suka fara yi masa allurar kashe ciwo. Allurar tana aiki, wannan gaskiya ne. Sai dai tana tafiya da shi. Ya yi barci azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Da ya farka ya dubi Buhari ya kira shi da sunan ƙanen shi Malam ɗin da ya rasu tun muna yara. Da hankalinsa ya dawo aka gaya masa, sai na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, tsoro.

Ya ce, "Kulu." Da na ji ya kira sunana na san ba wasa. "Mutuwa ba ni tsoronta. Abin da nika tsoro ta iske ni ban san inda nike ba, bakina bai faɗi kalma ba. Ki taimake ni in tafi da hankalina."

Ya faɗa wa likita haka. Likita bai yi gardama ba. Ya ba mu ƙwayoyi marasa ƙarfi kamar allurar, ya rubuta wa malamin asibitin Tambuwal cewa duk ranar da Malam ya nemi allura a zo a yi masa. Ya ce mani, "Idan ya nema kada ku hana shi, ba gazawa ba ce. Ruwan sanyin kuma kada hannu ya daɗe a ciki." Muka dawo gida.

Mun dawo bazara ta shigo. Ruwan da ya kwana a waje da safe ɗumi gare shi. Na sayi sabuwar randa, na binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a inuwar ɗaki, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan ya yi daɗin sha, amma Malam ya tsoma hannu ya girgiza kai. Ba ya cizo.

Buhari ne ya tuna da wani mai kanti a Tambuwal da yake da firji mai aiki da kananzir, yana sayar da lemo mai sanyi. Ya je ya yi masa bayani. Mutumin ya riƙa zuba ruwa a gwangwanaye yana daskarar mana. Da farko yana karɓar kuɗi, daga baya ya ce a bar shi, a dai sa shi a addu'a. Kullum da safe Buhari ya tafi, ya naɗo gwangwanayen a buhu cike da ƙaiƙayin gero, ya ɗaure a bayan babur ya taho da gudu. Kusan rabi yana narkewa a hanya. Ya bar fataucinsa ya koma wannan, bai taɓa nuna gajiya ba.

Yaya Tumba ta dawo jinya a lokacin. Ranar da ta fara taɓa ƙanƙarar ta janye yatsa da sauri.

"Wanga abu ruwa ne ko wuta?"

Malam ya ce, "Lalas ne na zamani, Yaya. Ba ya son wanzami."

Ba ta yi dariya ba. Ta fita bayan ɗaki ta daɗe. Daga ranar ita ta karɓi aikin adana ƙanƙarar, ta haƙa rami a ɗakinta ta cika da ƙaiƙayi, ba ta barin kowa ya buɗe. Ban taɓa yi mata maganar lalas ba. Don ƙaunarsa ta yi, kuma dukanmu mun yi murna da shi a lokacin.

Da yake ƙanƙarar ba ta da yawa, Malam ya tsara yadda za a yi da ita. Ba don barci ba, ba don cin abinci ba. Don salla. Idan an kusa kiran azahar a fasa gwangwani ɗaya a tasa, ya tsoma hannu, in ga goshinsa ya saki, sai ya yi sallarsa a zaune da natsuwa. La'asar ma haka. Sauran yinin kuwa jurewa yake yi, da ƙwayoyin likita da carbi.

Mako yana bin mako, sauƙin yana gajarcewa. Da farko bayan ya cire hannu yana samun sararin salla har da hira. Daga baya sallar kawai. Daga baya kafin ya sallame zufa ta keto masa. Jikinsa ya ƙare, ƙafafunsa suka kumbura, kunu ma sai cokali kaɗan. Wata rana na kasa, na durƙusa gabansa na ce don Allah ya yarda a yi allurar ko sau ɗaya, ni ce ba na iya gani. Ya dube ni ya ce to, don ke. Aka yi. Ya huta, ni ma na huta. Amma da ya farka washegari abin da ya fara tambaya shi ne ko ya yi la'asar. Na ce a'a. Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido. Ban sake roƙonsa ba.

Ranar da zai bar mu, Buhari ya tafi da safe bai dawo ba har azahar ta yi. Malam ya yi sallar babu ƙanƙara, da ƙyar. Can sai ga babur. Na fita da tasa a hannu, na ga buhun a bushe. Kananzir ya yanke a Tambuwal, firjin mai kanti ya mutu tun jiya, ya zaga garin duka bai samu ba. Maimakon ƙanƙara sai ya goyo malamin asibiti da jakarsa, ya ajiye shi a zaure.

Ciwon ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Malam yana kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya dunƙule, numfashinsa yana yankewa. Buhari ya durƙusa kansa yana kuka.

"Baba, ga mai allura nan a zaure. Ka ce to, in kira shi."

Malam ya ɗago ido. Ni ya duba. La'asar ta kusa, kuma dukanmu mun ga alamar ba zai kai gobe ba. Idan an yi allurar, a cikin barcin zai wuce. Idan ba a yi ba, ciwon kansa yana neman ɗauke masa hankali.

Sai na tuna da likita da bayan bironsa. Na zauna a gefen tabarmar na kama hannunsa. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa riƙe hannun Malam a gaban mutane ba. Yaya Tumba ta kawar da kai. Na ɗora farcena a gindin farcen babban yatsansa na danna da duk ƙarfina, irin dannar da ba zan yi wa maƙiyi ba. Ya ja numfashi. Na ce in bari? Ya girgiza kai. Na koma yatsa na gaba, na danna. Ina yi ina kuka, har na ga jini ya taru a ƙarƙashin farcensa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ga gwiwoyinsa sun fara saki, ƙirjinsa ya rage hawa da sauka.

Aka kira la'asar. Buhari ya kawo masa dutse ya yi taimama da hannu ɗaya, ɗayan yana wurina. Ya yi sallarsa a kwance, da ido da leɓe. Rana tana gangarawa Buhari ya matso kunnensa ya faɗi kalmar shahada, Malam ya karɓa, muryarsa ƙasa ƙasa amma kowane harafi ya fita. Yaya Tumba ta ji, Rabi ta ji, ni na ji. Kafin magariba Allah ya karɓi abinsa. Malamin asibitin ya koma da allurarsa, bayan ya tsaya an yi addu'a da shi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Abin da zan ce wa mai jinya shi ne, idan ciwo ya yi shiru don an ƙona fata, ko an tsaga, ko an sa ruwan sanyi, a gode wa Allah da sauƙin, amma a kai mutum a duba shi. Mu shirun nan ne ya cinye mana watannin ɗari. Kuma shirun nan ne dai ya ba Malam sallolinsa na ƙarshe. Na rasa ko in yi fushi da shi ko in gode masa, sai nake yin duka biyun.

Rabi ta ce jikinsa ne ya saki maganin da likita ya faɗa. Mai yiwuwa. Amma likitan ya taɓa ce mana maganin jikin nan yana gajiya idan ciwo ya daɗe, kuma na gani da idona ƙanƙara ma ta kusa daina yi masa aiki. To farcen tsohuwa ne zai yi abin da ƙanƙara ta kasa? Na san Malam. Mutum ne da zai iya haɗiye wuta don kada in gani.

Maganarsa ta ƙarshe da ni, bayan ya idar da la'asar ɗin nan ne. Ina nan ina dannawa, yatsuna sun ƙage, ban ma san ya sallame ba. Sai na ji ya juya hannunsa a cikin nawa a hankali. Na ɗaga kai, na ga yana kallona, har da ɗan murmushin nan nasa na tsokana.

Ya ce, "Ya isa, 'yar Fakku, ya kwanta. Bar matsawa. Riƙe ni kawai."